Harsashin Kaka na Barma

Litinin, 20 ga Mayu, 2024. Burumburum.
Badamasi ya ɗauki bindigar Kaka. Ina daka ya wuce ni da ita a naɗe cikin buhu, kamar ba ni na rene shi ba. Tun da aka kore shanun su Ardo Habu ta bakin dajin Falgore ya shiga 'yan sa-kai, kowa da bindigar toka, shi ya ga yana da ta gado. Sai ya dawo ya ce, "Yaya Furera, gwangwanin harsasan fa?" Na ce ban san inda yake ba. Ya kalli ƙarƙashin gadona ya yi dariya. Na ba shi. 

Alhamis, 23 ga Mayu.
Harsasan biyar ne. Kaka Ubale ya zo da su daga yaƙin Barma tare da bindigar, ya ce a hannun wani sojan Japan ya same ta, akwai zanen fure a bayanta. Kowane jajiberin Babbar Sallah yakan goge ta, ranar da ake wasa wuƙaƙen layya. Da idonsa ya tafi ni na gaji aikin, ina 'yar shekara goma sha biyu. Ya ce in shafa wa bindiga mai. Ni da rawar kaina na haɗa har da harsasan, in kwantar da su cikin tsumma jiƙe da man gyaɗa kada su yi tsatsa. Shekara ashirin da biyu ban fasa ba. Duk gidan ba mai ƙyallinsu.

Tsorona kada ya kashe ɗan wani. Badamasin da ko rago sai an riƙe masa.

Asabar, 25 ga Mayu.
Sun shiga daji da safe, sun fito la'asar. Ba su ga kowa ba. Na kasa cin tuwo.

Talata, 28 ga Mayu.
Na je Tiga duba Inna Luba, ƙanwar babanmu. Mijinta Baba Bature tsohon saje ne, yanzu gadi yake yi a ma'aikatar ruwa. Na ba shi labari don in ji sanyi. Ya ce ya san irinta, Arisaka sunanta, harsashinta siriri ne, na sojanmu da na 'yan sanda ba ya shiga bakinta. Wai a ƙasashen Turawa har yau ana ƙera shi kaɗan-kaɗan saboda maharban barewa da masu tara kayan tarihi, amma nan ko Kano ka karaɗe ba ka samun ɗaya.

Na ce ai namu sabbi fil suke, ina shafa musu mai duk shekara. Da alfahari fa na faɗa.

Ya ajiye kofin shayinsa. "'Yar nan, mai kika ce? A jikin harsashin?" Na ce har kwana suke a ciki. Ya ce bindiga ake wa mai, harsashi bushewa yake so. Mai yana bin gindinsa a hankali ya jiƙa abin da ke tayar da wutar. Ga tsufa, ga mai. "Wataƙila ya tashi, wataƙila ya yi shiru. Ni dai ba zan tsaya gaban ɓarawo da shi ba."

Ban san yadda na hau mota ba.

Laraba, 29 ga Mayu.
Jiya ina tsoron ta tashi, yau ina tsoron ta ƙi. Saboda bindigar nan suke sa shi a gaba, ita ce mai dogon zango. In ya ɗaga ta ya danna ta yi shiru, ɓarawon ba zai jira shi ba. Kuma ni ce. Ni da kwalbar man gyaɗata.

Hamdiyya 'yar Badamasi ta shigo tana koyon tafiya, ta kama zanina tana kiran Abba. Na ɗauke ta. Jibi za su koma, an ga sawu wajen Doguwa.

Alhamis, 30 ga Mayu.
Na faɗa wa Badamasi. Ya ce Baba Bature baƙin ciki yake yi, sojan da ya ƙare a gadin famfo. Na ce to gwada. Ya ce biyar ne kacal, ba zai zubar a banza ba. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinsa na ce sai dai ya tsallake ni. Ban taɓa yi masa kuka ba sai yau, na ji kunya kuma ban daina ba.

Juma'a, 31 ga Mayu.
Da hantsi, bayan gonar Baba, shi da shugabansu Zayyad. Ina nesa na toshe kunne. Ya saita kututturen ɗorawa. Ƙyas. Suka jira, ya cire, ya sa na biyu. Ƙyas. Na uku ma haka. Zayyad sai kallon Badamasi yake yi, irin kallon da ake wa wanda ya tashi daga ciwo. Sati biyu suna bin bayan sanda.

An ba Badamasi waya, zai riƙa zama a gari yana haɗa su da jami'an tsaro.  Sai da yamma ya miƙo min biyun da suka rage. "Ki ajiye a busasshen wuri, Yaya. Ƙila waɗannan da rai. Wata rana." Na ce to.

Laraba, 5 ga Yuni.
Na yi barci. Ya ci tuwona, har da ƙari.

Asabar, 15 ga Yuni. Jajiberin Sallah.
An wasa wuƙaƙe. Na goge bindigar Kaka, furen ya fito tas. Badamasi yana tsakar gida yana wa rago wanka, Hamdiyya na riƙe da kunnen ragon. Ɗazu na ji yana ce wa Zayyad bayan Sallah zai sake gwada sa'arsa da biyun nan.

Na ɗauko gwangwanin da na mayar da su ciki don in share ƙura ne kawai. Tsumman ya bushe. Al'ada ce, shekara ashirin da uku ke nan, hannu ya saba, na tsiyaya masa man gyaɗa.

Man ya ɗan yi yawa bana. Na rufe na mayar ƙarƙashin gado.