Samirar Inna da Ɓoyayyen Zafi

Zuwa ga Shehin Sinadarai, Sarkin Tururi na Daura da kewaye, gwanin da ƙanƙara ke narkewa don kwarjininsa, malaminmu na Kemistiri, Malam Isyaku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta almajiri ga shehinsa, da tambayar lafiyar iyali da ta kekenka mai tari, ni Sagir na aji biyar ina shigar da kukana a bainar jama'a, daki-daki.

Na ɗaya. Ranar Litinin ka sanar cewa ɗakin gwaji ba gas, ba tukunya, ma'aunin zafi kuma ya fashe tun kafin a yaye ni. Ka rantse duk wanda bai zo da kayan aiki daga gida ba, dorina ce rabonsa. Talata na faki idon Inna, na zare samira ɗaya daga jerenta, kwanukan aurenta masu furanni waɗanda ko ruwan ɗumi bai taɓa shiga ba. Kai kuwa, masanin halin kowane ƙarfe, ka ɗora ta a kan risho.

Na biyu. Da ka rasa ma'auni, sai ka naɗa hannuna a muƙaminsa. Ka damƙa mini ƙanƙara, ka hana ni saki, kana bayyana wa aji cewa tana zuƙar zafi daga maƙwabcinta don ta narke, alhali sanyinta bai ragu ba. Ni ne maƙwabcin. Da na yi hawaye, ka nuna kumatuna da alli a matsayin misalin ruwa mai gudana. Har 'yan bencin baya da ba su taɓa fahimtar komai ba sun fahimci wannan.

Na uku. Da ruwa ya tafasa, ka karantar da mu cewa zafinsa ya tsaya cak, wutar tana tafiya ne wajen mayar da shi tururi, tururin kuma yana ɗauke da ɓoyayyen zafi da yake saukewa a kan duk abin da ya taɓa. Ka sake neman hannuna. Malam, na gaskata. Hannun da shari'a ba ta yanke ba, kimiyya ta dafa shi. Kwana tara na yi ina cin tuwo da cokali kamar baƙon otal.

Na huɗu. Ka fita sallar azahar ka bar wutar tana ci. Ruwa ya ƙafe, furannin samira suka tsattsage, gindinta ya yi baƙi kamar wuyan rigarka ɗaya tilo. Ka ce za ka kai gida a kankare. Yau wata biyu. Ƙanwata ta gani da idonta: a ciki uwargidanka take jiƙa tsamiya.

Na biyar. Inna ta ƙirga jerenta, ta yi rantsuwar kai ɓarawon gaban alƙali ko da ita ta haife shi. Don ceton rai na gaya mata gwamnati ce ta ari samirar zuwa baje kolin kimiyya a Katsina. Ta yarda. Har tana faɗa wa maƙwabta da alfahari.

Saboda haka, ba na neman a kore ka, domin ba makarantar da za ta karɓe ka. Ba na neman ka dawo da samirar, domin ganin gawarta ya fi ɓatanta muni. Buƙatata ɗaya ce. Jibi ne sunan jaririn gidanka, Inna kuma tana cikin masu tuƙa tuwo. Don girman Allah ka tura samirar ƙarƙashin gado, can ƙurya, ka jingina buhu a gabanta.

Wanda ya karanta wannan kuma, kada ya karanta da ƙarfi a unguwarmu. Inna ba ta boko, amma kunnenta lafiya lau.

Allah Ya raya jariri, Ya ba ka ma'auni, Ya tsare hannunsa daga iliminka.

Wassalam.

Ɗalibinka mai hannu ɗaya da rabi,
Sagir