Kututturan da Ruwa Ya Rufe

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Ƙawata Grace ce ta ba ni wannan littafin, ragowar littafin lissafinta ne. Ta ce tunda bakina ba ya aiki in riƙa zubawa a nan. Ita ta wuce zuwa sakandare a Wara, ni na tsaya a firamare ina taya Inna bandar kifi.

Yau aka fara sare itatuwan cikin ruwa.

Matattun itatuwan nan da ke tsaye tsakanin tungarmu da hanyar Wara, tun ruwan dam ya cinye tsohon gari suke nan. Kowanne da sunansa. Akwai Mai Balbela, akwai Tagwaye, akwai Gurgu. Da su masu jirgi suke gane hanya. Wasu mutane ne suka zo da injin yankan itace, wai kwangila ce, za a share hanya don jirage su daina haɗari. Na tsaya a bakin kwata, inda jirage ke tsayawa, da kwandon kifi a kaina har Mai Balbela ya faɗi. Tsuntsayen suka tashi suna ta zagaya wurin, ba inda za su sauka.

Litinin, 14 ga Oktoba

Yaya Sufyanu ya dawo daga tuƙin jirgi bai ci tuwo ba. Ya ce daidai fuskar ruwa suke yankewa, su bar gindin. Ya tambaye su yaushe za a tuge, babbansu ya ce sara aka ba su, ba a ba su tugewa ba. Kuma ruwa bai gama hawa ba.

Ban gane ba sai da Inna ta ɗora hannu a ka. A da ana ganin itacen a kauce masa. Nan gaba yana nan, amma ba mai ganin sa.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ruwa ya rufe su. Fili tas, kamar ba a taɓa yin itace a wurin ba. Da kyau ma, abin haushi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Yaya da abokansa sun yini suna nutso, suna ɗaura jarkoki a kan kututturan da igiya. Har jarkar manjan Inna ya ɗauka, ta bi shi da faɗa har bakin ruwa. Gideon, ƙanen Grace, ya ƙi ba da tasa, 'yar rawaya ɗin nan da yake koyon iyo da ita yana kuma kiɗa a kanta. Ya ce sai dai a ɗaura shi tare da ita. Kowa ya yi dariya.

Grace takan dawo gida a kowane jirgi ta samu, ba lallai na Yaya ba. Yanzu da jarkoki hankalina ya ɗan kwanta.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

An cire jarkokin!

Mai gari ne ya sa. Wai ranar Laraba kwamitin majalisa mai kula da muhalli da ayyuka zai zo duba aikin. Ina bayan zana ina gyaran kifi na ji shi yana yi wa Yaya bayani. Ɗan kwangilar nan shi ne kuma zai gina mana kwata ta siminti, in kwamiti ya ce aikinsa bai yi ba, kwatar ma ta tafi. Kuma ba a tarar baƙo da ƙorafi. Yaya ya ce to ran mutane fa? Mai gari ya ce, "Kwana nawa ne, Sufyanu? In sunka wuce a maida."

Na yanka yatsana ban ma ji ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Ni aka zaɓa in shiga jirgin baƙi in riƙa miƙa musu ruwa da lemo. Matar mai gari ta ce wa Inna ni ce daidai, don ba ni da surutu. A gabana ta faɗa.



Laraba, 13 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Sun zo da motoci da 'yan sanda da mai ɗaukar hoto. Ban san 'yan majalisa mutane ne haka kawai ba. Ɗaya gajere ne yana ta tari, ɗaya kuma tsoron ruwa yake, ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu. Kowa an sa masa rigar ruwa, ban da ni da Yaya da mai gari. Mace ɗaya ce a cikinsu, Hajiya Zulai'atu, mai tabarau. Kusa da ita na zauna da bokitin lemo.

Yaya ne ya tuƙa. Shi ya san wurin kowane kututture, yana auna su da giginyar da ke tudu da kan masallaci. Sai ya riƙa kwana-kwana a tsakiyar ruwa, ya yi dama, ya yi hagu, gumi yana zubo masa. Shugabansu yana ta cewa madalla, dubi yadda ruwa ya yi fes. Ɗan kwangila yana murmushi.

Hajiyar ce ta ce me ya sa direban nan yake ta lanƙwasa alhali ga hanya fili. Mai gari ya ce yana zagayawa da su ne su ga faɗin aikin. Can sai ta sunkuyo wajena, a hankali, har ina jin ƙanshin turarenta.

"Yarinya, ke 'yar garin nan ce. Me yake gujewa?"

Na san amsar. Daidai lokacin ma gefen Tagwaye muke. Na buɗe baki zan faɗa. Na ɗaga ido sai na ga mai gari yana kallona. Na ja hijabi na rufe fuska.

Ta yi 'yar dariya ta ce kunya gare ta. Ta karɓi lemo.

Shi ke nan. Suka yi hoto a kwata suka tafi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na gaya wa Grace. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce ko kura ce ta tambaye ni hanya hijabi zan ja. Ta ce in daina damuwa, ba aikin yara ba ne.

Litinin, 18 ga Nuwamba

A rediyon Yaya muka ji wai kwamiti ya ziyarci yankinmu ya yaba da aikin share hanyar ruwa. Yaya ya kashe rediyon.

Ba a maida jarkoki ba. Mai gari ya ce a dakata sai an sa hannu a maganar kwata, kada wani ya dawo ya gani. Masu jarkoki ma kowa ya kwashe tasa. Ta Inna ta koma manja.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ba komai. Kifi ya yi arha. Na yi mafarkin ina tafiya a kan ruwa ina tuntuɓe.

Juma'a, 13 ga Disamba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asabar, 14 ga Disamba

Jiya ban iya rubutu ba.

An ba da hutu, Baba Ishaya, mahaifinsu, ya tura Gideon ya taya Grace ɗauko akwatinta. Jirgin wani mutumin Shanga suka shigo, bai san ruwanmu ba. Ya ga fili ya miƙe. Da la'asar ne, ina shanya a bakin kwata, da idona na gani. Jirgin ya yi tsalle kamar an tokare shi daga ƙasa, sai ya buɗe ta ciki. Ƙarar ba ta da yawa ma. A kan Tagwaye.

Duk wani kwalekwale na tungarmu ya fita. An ciro mutane da yawa. An ciro Grace tana riƙe da wani buhu. Wata tsohuwa ta rasu, da jaririn wata mata.

Ba a ga Gideon ba sai yau da hantsi.

Lahadi, 15 ga Disamba

An binne shi bayan cocinsu. Mu da Inna muka kai kunu. Maman Grace ta rungume Inna suna ta kuka. Grace tana zaune a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa wa ƙasa. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

'Yar rawayar jarkarsa tana rataye a jikin danga.

Talata, 17 ga Disamba

Wai lodi ne ya yi yawa. Haka ake faɗa a Wara, haka aka faɗa a rediyo. An kama direban. Mutumin da ya koma cikin ruwa har ya gaji yana ciro mutane.

Na tambayi Inna ko mai gari zai faɗi gaskiya. Ta ce, "Mi kike so shi ce, Barakatu? Shi ce shi ya cire?"

Ba na iya cin kifi.

Alhamis, 19 ga Disamba

Gobe kwamitin zai dawo yin jaje. An sake cewa ni zan miƙa ruwa.

Juma'a, 20 ga Disamba



A ƙofar gidan mai gari aka shimfiɗa tabarmi. Sun kawo shinkafa da rigunan ruwa. Shugabansu ya yi addu'a, ya ce dole masu jirgi su daina haɗama, za su kai maganar lodi gaban majalisa a yi doka. Baba Ishaya yana zaune kansa a ƙasa. Yaya ya miƙe zai yi magana, dattawa biyu suka ja rigarsa ya zauna.

Na kai wa Hajiya Zulai'atu ruwa. Ta gane ni, ta ce a'a, mai kunya. Na ajiye. Na juya zan tafi. Ban shirya ba, wallahi ban shirya komai ba. Sai ji na yi na riƙe bakin mayafinta.

"Hajiya, tambayar da kika yi mini ran nan."

Ta ce wace tambaya. Muryata ba ta fita sosai, sai da ta cire tabarau ta matso.

"Kututture yake gujewa. Suna nan duka a ƙarƙashi. Ba a tuge ba."

Mai gari ya ce yarinya ce, firgici ne ya taɓa ta. Hajiya ba ta dube shi ba. Ta tambaye ni zan iya nuna mata? Na ce Yaya zai iya. Ta ce ni ta tambaya.

Muka shiga jirgi, ita da gajeren mai tari da Yaya da ni. Sauran suka tsaya a tudu. Da muka kai na nuna da hannu, Yaya ya miƙa mata gora. Ita da kanta ta soka. Ko kamu ɗaya gorar ba ta nutse ba ta daki itace. Ƙwas. Ta sake sokawa. Ta matsa gaba ta soka, ƙwas. Ta zauna a kan katako, gorar a cinyarta tana ɗiga a kan leshinta.

Can ta ce, "Ta nan muka wuce ran nan?" Yaya ya ce ta gefensa, da kamar taku ɗaya. Mai tarin ya ce subhanallahi, kuma shi ne ya karanta rahoton yabon a zauren majalisa.

Ba ta ce mini don me ban faɗa tun farko ba. Da ma ta ce.

Asabar, 21 ga Disamba

Matar mai gari ta aiko a karɓi turminta da ke gidanmu tun bara. A rijiya mata suka yi shiru da na iso. Wata ta ce ga wadda ta cinye mana kwata.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ba ta kuma yaba ba. Ta dai zuba mini miya fiye da kullum.

Litinin, 30 ga Disamba

An saki direban Shanga. An ce kwamiti ya kira ɗan kwangila ya bayyana a gabansa bayan hutu. An ce za a tuge in ruwa ya janye. An ce, an ce. Maganar kwata kuwa ba mai tada ta.

Yaya bai jira kowa ba, ya koma nutso. Jarkoki ne ba su isa ba, mutane suna tsoron mai gari.

Alhamis, 2 ga Janairu, 2025

Da safe ina kwance igiya a kwata sai ga Grace. Ta rame. 'Yar rawayar jarkar tana hannunta. Ba ta gaishe ni ba, ta shiga kwalekwale ta zauna, ta ce in zo in riƙe mata igiya.

A kan Tagwaye muka ɗaura. Yaya ya nutsa, ita ta ƙulla bakin jarkar da kanta, ƙulli a kan ƙulli. Muka zauna muna kallon ta tana lilo a kan ruwa.

Sai ga wani baƙon jirgi daga wajen Yelwa, cike da albasa, ya miƙo sak wajen Gurgu, inda ba mu kai ga sa alama ba. Yaya yana cikin ruwa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ina ƙwala masa kira ba. Mai jirgin ya karya kai ya bi ta hagu, ya ɗaga mana hannu.

Grace ta toshe kunne ɗaya. Ta dube ni, yau dai ta dube ni, ta ce saura kaɗan in kifar da su.

Da muka dawo Inna ta ce tana wajen banda ta ji wata tana ƙwala wa jirgi kira, ta rasa ɗiyar wa ce. Na ce ruwa ne yake kai sauti nesa.

Maƙogwarona yana ciwo. Gobe Gurgu, in an samu jarka. Gidan mai gari akwai guda biyu a bayan rumbu, na gan su. Wataƙila in je in tambaya.