Amsa a Cikin Kwando

Juma'a, 1 ga Maris 1985

Yau ma Madam Gihan ta yi cigiyarsa a rediyo. Mako na biyar ke nan. Wai ina Ustaz Wagdi na Iskandariyya ya shiga, ko tsoron Injiniya Medhat ne ya ɓoye shi? Kawu Wagdi na kwance, fuskarsa a bango. Na san ya ji, don hannunsa mai lafiyar ya damƙe bargo.

Shekara goma sha ɗaya yana kira a shirin nan na tsofaffin waƙoƙin Turawa, duk Juma'a da la'asar, bai taɓa faɗuwa tambaya ba. Ko ɗaya. Ranar 29 ga wata za a yi karon ƙarshe na shekara, shi da injiniyan nan na Alƙahira. In bai kira ba an ba wancan. Kyautar faifai ɗaya ce tak. Sunan ne abin ji.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi, kuma ba ya iya sauka hawa huɗu zuwa wayar da ke kantin maganin Dakta Nagi. Mama ta ce a gaya wa rediyon gaskiya kawai. Ya yi mata wani kallo, ta koma kicin.

Litinin, 4 ga Maris

Ya nuna mini ƙarƙashin gadonsa. Ni duk zamana da shi a gidan nan na ɗauka takardun aikinsa na tashar jiragen ruwa ne a akwatin. Ashe littattafan rubutu ne, ashirin da biyu. Tun 1963, duk Lahadi sai ya kama wata tasha ta ƙetaren teku ya rubuta waƙoƙi ashirin da suka fi tashe a makon, wadda ta hau, wadda ta sauka, wadda ta ƙi motsi. Da jan biro yake zagaye ta ɗaya.

Ikon Allah. Mutumin da ke mance inda ya ajiye tabarau.

Ya ce in karanta masa. Na karanta a hankali kamar mai satar magana, ya buga sandarsa a ƙasa. Wai da ƙarfi.

Laraba, 6 ga Maris

Ban taɓa littafina na soyayya ba kwana biyu. Na bar baiwar Allah, jarumar labarin, a tsaye cikin ruwan sama tana jiran likitan ya juyo.

Alhamis, 7 ga Maris

Dabarar tasa ce, ni dai ban ce na yarda ba. Zai zauna a baranda da rediyo. Ni in sauka kantin in riƙe wayar. In an yi tambaya akan sa faifai, kafin ya ƙare ake son amsa. Sai ya rubuta da hagu, ya zuro mini a kwandon Mama, wanda muke zura wa mai kayan miya da igiya. Ni kuma in faɗa.

Ni. Ni da ko malama ta kira sunana a aji sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Yaya, ka rasa bakin da za ka ara duk unguwar nan sai na Sawsan? Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito.

"Ita."

Juma'a, 8 ga Maris

Na yi.

Hannuna ya jiƙe sharkaf da gumi, sai da Dakta Nagi ya naɗe mini kan wayar da tsumma. Na ce ina magana ne a madadin Ustaz Wagdi, muryarsa ce ta dushe. Haka ya ce in ce. Madam Gihan ta ce wa zai yarda, mutumin da in ya fara bayani sai an kashe masa layi?

Tambaya: wace waƙa ce aka jefa a bayan faifai don cike gurbi, wani mai gabatarwa ya juya faifan bisa kuskure, ta zo ta danne ta gaban? Ko rabin faifan ba a yi ba na ga kwando yana saukowa, yana lilo, ya wuce shanyar maƙwabciyarmu Umm Ragab, ya tsaya daidai ƙofa. Rubutun kamar tafiyar kaza. Amma daidai ne, har da sunan mai kiɗan gangar, wanda ba a ma tambaya ba.

Abin da ba zan manta ba: Dakta ya rage rediyonsa saboda ƙara, amma tagogin layinmu duk a buɗe suke. Ina magana ina jin muryata tana fitowa daga gidajen mutane, daga sama, daga shagon mai guga. Ashe haka muryata take. Ba ta yi kama da ta mai tsoro ba.

Talata, 12 ga Maris

Kawu ya ci miyar lalo kwano guda. Ya sa an jawo garmaho. Ya sa mini wata waƙa ta 1968, mace ce ke rerawa, sannu-sannu, sai can kiɗan ya taso gaba ɗaya kamar igiyar ruwa ranar iska. Tsigar jikina ta tashi. Na ɗauko ƙamus na bi kalmomin da ke bayan kwalin. Wata ce ke zuwa tashar jirgin ƙasa kullum ba don tana jiran kowa ba, don dai nan ne wurin ƙarshe da aka kira sunanta da daɗi. Ta yaya mutum ke zuba wannan duka cikin minti uku? Littattafaina sai sun ci shafi ɗari biyu.

Na sa mata suna waƙar tasha.

Asabar, 16 ga Maris

Jiya ma mun ci. Umm Ragab ta kwashe shanyarta tun azahar don kada igiya ta sarƙe, tana mita wai a kan waƙar da ba ta jin ko kalma ɗaya zanin gadonta zai kwana da danshi. Amma ita ta fara guɗa.

Na sami wani abu. A littafin 1968, makon da waƙar tasha ta hau ta ɗaya, a gefen shafi da fensir: "N. ta zo." Mako shida bayan nan, ranar da aka sauko da ita: "N. ta tafi." Na ƙirga shafukan ya fi sau goma. Wace ce N.? Na tambayi Mama, ta ce in je in tsince shinkafa.

A raina dai doguwa ce, mai farar safar hannu.

Lahadi, 24 ga Maris

Yau ya kira ni da sunan Mama sau biyu. Ya gane, ya kau da kai. Ni ma na yi kamar ban ji ba.

Juma'a, 29 ga Maris

Bari in rubuta yadda ya faru kafin in fara gyara shi a kaina.

Kantin ya cika, har mai guga ya rufe shago. Tambaya uku-uku. Injiniyan ya ci biyu ya faɗi ɗaya, yana ta musu wai tashar da yake saurare daban ce. Mu mun ci biyu. Sai ta ƙarshe: Madam Gihan ta sa faifai, ta ce mako nawa wannan ta yi a ta ɗaya?

Waƙar tasha ce.

Kwandon ya yi jinkiri. Ana ta leƙen sama. Da ya iso na buɗe takardar: bakwai.

Shida ne. Na san shida ne kamar yadda na san yatsuna. Na fito da kai iyakar tsawon igiyar wayar, na hango shi can sama ya jingina da ƙarfen baranda yana jira, hankalinsa kwance. Kiɗan ya kai wurin da yake tasowa, daga nan saura kaɗan. Dakta Nagi ya ce, 'yata, karanta mana mana. Na yi tunanin in faɗi abin da ya rubuta, ai amsarsa ce, ni 'yar aike ce. Na kuma tuna hannun nan da ya damƙe bargo.

Na ce, "Ustaz Wagdi ya ce shida."

Daidai ne. Layinmu ya kaure da sowa. Na cusa takardar a aljihu kafin wani ya gani.

Da na hau, ya kashe rediyo. Mama na murna tana cewa Yaya, har yanzu kai ne. Bai kalle ta ba, ni yake kallo. Na shige ɗaki.

Asabar, 30 ga Maris

Bai yi mini magana ba. Ya ci abinci dai.

Litinin, 1 ga Afrilu

Ya aiko Mama ta kira ni. Littafin 1968 na buɗe a cinyarsa, yatsansa a kan shafin. Na tsaya a bakin ƙofa. Na ce Kawu, ka yi haƙuri. Ya girgiza kai. Maganar ta ɗauke shi lokaci, ban taya shi ba, ba ya son a taya shi.

"Shida ne. Ni ne na so su zama bakwai."

Ban tambayi komai a kan N. ba. Abin mamaki, ban ma ji ina so ba. Na zauna a gefen gadon, sannan ya ce in karanto masa 1969.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Na sauka kamar kullum. Aka yi tambaya, aka sa faifai, na jira. Kwando bai sauko ba. Na leƙa, igiyar na naɗe a gwiwarsa, ya ɗaga mini haɓa. Na yi masa alama da hannu, ya kau da kai yana kallon teku, wai shi bai gan ni ba.

Madam Gihan ta ce to, me Ustaz ya ce? Na ce yau ba shi ba ne. Ta ce wa ke nan? Na faɗi sunana. Da na babana ma.

Na ci ɗaya, na faɗi ɗaya. Shekarar na kuskure, na rage ɗaya. Duk layi sun ji, har Umm Ragab ta leƙo ta ce kai, 'yar nan, kin zubar mana da mutunci. Kawu kuwa dariya yake yi a sama, irin karkatacciyar dariyarsa ta yanzu, yana buga sanda a ƙarfe.

Ya kamata in ji kunya. Na ji, kaɗan. Ba wai zan sake kira ba ne. Na dai ɗauko littafin 1971 na sa a jakar makaranta, don in ga inda na kauce.