Fitilar da Na Jefar

Kawu Sule,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafarka, ya jikin Inna?

Kawu, na yi ɓarna. Wani dattijo a nan garin Pleasant Garden ya ba ni gyaran tsohuwar motar soja. Na ga lambar fitilarta ta saɓa da littafin kayan gyara, na ce jabu ce, na jefar. Jiya na samu tsohon bugun littafin. Ashe ita ce ta asali, daga baya aka canja lambar!

Dattijon yana asibiti, burinsa ya ga motar yadda ya tuƙa ta yana saurayi. Don Allah ka duba mini irinta a kasuwar Panteka, na turo maka lambar.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a. Ɗazu dattijon ya kira yana tambayar fitilar, na ce tana nan.

Ɗanka,
Habibu