Ganyen da Kika Sa Gadin Iri

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo, wadda ke kwance gabas da Filingue.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗiya ga uwarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahama. Zali ce, babbar ɗiyarki. Ni ke faɗa, mijina ke rubutawa. Ya ce mini matattu ba sa karɓar takarda, na ce shi dai ya jiƙa alƙalaminsa, ni na san uwata, ko daga bayan danga aka yi magana tana ji.

Maganar ganyenki ce ta sake tasowa, Inna. Wanda kike kira taɓa-ni-ka-gani, mai fitowa a tsagar dutsen nan da ruwa ke tsattsafowa ko da rani. Duk Kurfai ban taɓa ganinsa wani wuri ba sai can. Ganye mai gashi-gashi, abin kamar ba zai yi komai ba, amma ya shafi fatar mutum sai ya yi rawar da ba a yi masa kiɗa ba. Awaki ba sa kusantarsa, mu ma muna yara sau ɗaya muka gwada. Da shi kike dukan gwiwoyin tsofaffi masu sanyin ƙashi. Su yi ta ihu suna zaginki, kina dariya, washegari su dawo da ƙafarsu suna sa miki albarka.

Na tuna abu biyu da kika gada wurin kakarki game da shi. Ba a tsinko shi a kai wa mai ciwo gida, shi zai je ya tsinka da hannunsa, don da ya yi yaushi zafinsa ya tafi. Na biyu kuma kin sha faɗa mini: “Zali, wanda duk ya zo miki da ciwo kinka hana mishi magani, maganin ya mutu hannunki ke nan.” Ban taɓa ganin kin tambayi mai ciwo garinsu ko addininsa ba.

Sai Annasara suka zo suka kafa bariki. Suka ɗauki Baba dako, ya tafi da kaya a kai, har yau ba mu ji inda ya faɗi ba. Sojojinsu kuma ba rumbun da ba sa leƙawa, su auna wa kansu da dawakinsu, ba ruwansu da wanne ne na ci wanne ne na shuka. Kowa ya nemi inda zai ɓoye irinsa. Ke kika zaɓi zangarniyoyin da suka fi kyau, kika sussuke, kika cika tuluna biyu, muka liƙe bakinsu da laka. Muka tura su can cikin tsagar, muka jera duwatsu, muka bar taɓa-ni-ka-gani tsaye a ƙofa. Hannuwanki suka kumbura har gwiwar hannu, kina cewa kin sami mai gadin da ba ya barci kuma ba ya neman tuwo.

Da bazara, hadari ya fara haɗuwa gabas, wani Annasara ya sauka bariki. Shi ba soja ba ne, aikinsa yawon daji yana tsintar haki. Mai fassara ya kewaya da shi kasuwa yana tambayar wa ya san ganyaye, mutane kuma da saurin baki suka nuna gidanmu. Ina daka na hango su. Na ga kin daina kallon fuskarsa, kina kallon ƙafarsa ta hagu da yake ja. Na san irin wannan kallon naki.

Na ja ki bayan ɗaki na roƙe ki. Na ce ki nuna masa sabara, ki nuna masa tafasa, ki nuna masa duk abin da ke daji, ki bar wancan. Kika dubi Abdu da Ige, ƙannena, suna wasa da ƙasa. Na san kin auna, Inna, ban taɓa cewa ba ki auna ba. Sannan kika ce: “Mutum ya taho tun daga bayan teku shina jan ƙafa shina biɗar haki. Mi kika so in ce ma Allah?” A ganinki ba mai barin ƙasarsu ya bi rana yana tsintar ganye sai wanda ciwo ya koro.

Kika kai shi dutsen, ina biye. Kin yi niyyar tsayar da shi a bakin tsagar, ya tsinki ganye biyu ku juyo. Kika tsinka kika doki gwiwarki don ya ga yadda ake yi. Ya yi dariya, ya sa safar hannu, ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin ganyen da wani ɗan gilashi, murna ta cika shi. Ko sau ɗaya bai kai shi ga ƙafarsa ba. Daga baya muka ji doki ne ya taɓa kayar da shi tun yana saurayi, kuma ƙafar ba ta damunsa. Ganyen yake so da saiwarsa, har da ƙasar da ke jikinta. Ya kira sojoji biyu da ke riƙe da dawaki, suka sa dagi, dutse na farko ya gangaro, bakin tulu ya bayyana.

Ba ki yi kuka ba. Kika durƙusa kina cewa iri ne, iri ne, ba na ci ba ne. Babban sojan ya ce hatsin da aka ɓoye na bariki ne. Shi kuma baƙon naki ya ɗago, ya faɗi wata magana gajera da harshensu, aka ba shi amsa, ya ɗaga kafaɗa. Ya koma yana shimfiɗa ganyenki tsakanin takardu a hankali, yana gyara kowane kunne kada ya lanƙwashe. Wannan lallashin da ya yi wa ganyen shi ne abin da na kasa mantawa.

Ruwa ya sauka, sungumin kowa na gona, namu na jingine. Kika bi dangi har Sanam kina roƙon iri tafi-tafi, kika dawo da ɗan abin da bai rufe rabin gona ba, kuma shuka ta riga ta wuce. Muka shiga jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa. Kullum sai ki ce kin ci a maƙwabta, ki tura mana ƙwaryar. Na yarda, don ina jin yunwa kuma ina so in yarda. Ba ki ga kakar wannan shekarar ba, Ige ma ta bi ki kafin sanyi ya fita.

Na daɗe ina fushi da ke, Inna. Ina sonki ina fushi, duka a ciki ɗaya.

To, ranar kasuwar da ta wuce wani Annasara ya zo, yaro ɗanye, riƙe da zanen ganyenki. Mai fassara ya ce malaman ƙasarsu sun duba, sun ga dangin wani haki ne mai ƙaiƙayi da suke da shi can, amma wannan sabo ne, ba wanda ya taɓa saninsa. Har sun raɗa masa sunan mai jan ƙafar nan. Wai suna son ƙari, da 'ya'yansa, aka ce ɗiyar Hajo ta san wurin.

Ganyen ya sake tsirowa tun tuni, ya rufe tsagar fiye da da. Kuma tulunan Abdu na bayansa yanzu haka, irin gidaje biyu, nasa da nawa, don bariki bai daina leƙen rumbu ba.

Na kalli ƙafafun yaron, Inna. Na sa shi ya bi ni har bakin rijiya ya dawo don in tabbata. Lafiyarsa lau, yana tafiya kamar ɗan maraƙi. Sai na ce fari ya kashe ganyen tun shekarar da kika rasu. Suka tafi.

Amma hankalina bai kwanta ba. Wa ya san ciwon da ke cikin mutum wanda ba ya fitowa a ƙafa? Da hantsi na tafi dutsen ni kaɗai, na tsinki ganye ɗaya, na ɗora a damtsena don in ga ko ya mutu a hannuna. Ya ƙone ni, Inna, har sai da na ciji leɓe. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ki. Ba murna ce ta sa ni kuka ba. Tambayar kaina nake, da ya zo yana jan ƙafa fa? Na nemi amsa, na tarar da taki ce a bakina. A nan fushin ya ƙare, don na gane ba ki da wata hanyar.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙan Ige, ya jiƙan Baba duk inda ƙasa ta rufe shi. Allah ya ƙosar da ke da abin da kika hana cikinki dominmu. Ni kuma ki roƙa mini, kada Allah ya aiko mini da gurgun Annasara kafin mu yi shuka.

Ɗiyarki mai kewarki,
Zali.