Ɗankwalin Zumunta

Maman Hadassah,

Na wuce gareji, ban iya jiran dawowarki daga kasuwa ba. Hadassah tana barci a ɗakin maƙwabciyarmu Anti Celina.

Mun je rigakafin, mun dawo lafiya. Sai dai a layin asibiti 'yarki ta yi ta aika-aika har nafkin ɗin da kika sa a jaka suka ƙare. Da na laluba, sai hannuna ya faɗa kan wani ƙyalle mai laushi. Na ninka shi yadda kika koya mini, na maƙala fil, ban soki yarinya ba, ban soki kaina ba. Har wata nas ta ce, "Baba, ka fi wasu matan iyawa!" Ina cikin fankama da furfurata, sai wata mata ta leƙo ta ce, "Wannan ba ɗankwalin zumuntar mata ba ne?"

Shi ne kuwa. Wanda za ki ɗaura gobe ki ba da waƙa a coci.

Ki yi haƙuri. Na wanke shi tas da ruwan zafi, yana kan igiya. Ki shigo da shi kafin hadarin nan ya sauko, zai bushe kafin gobe.

Ko ba komai, Hadassah ta riga sa'o'inta shiga zumunta.

Baban Hadassah