Yatsun Mai Ɗori da Zaren Ishaq

Talata, 7 ga Oktoba, 2025
Yau na ga abin dariya. Ishaq ɗan Jibo mahauci, wanda na ɗora wa hannu yana shekara tara da ya faɗo daga kan mangwaro, shi ne ya dawo Mafara daga jami'a da jaka a rataye, wai yana binciken yadda fatar mutum ke jin taɓi. Bincike! Ya bi mahauta, ya bi masu dashen albasa a Bakolori, yanzu ya iso kan masu ɗori. Na ce, "Kai Ishaq, hannun da za ka auna ai shi ya miƙar da naka." Ya durƙusa ya ce, "Shi ya sa na fara da kai, Baba." Daɗin baki kamar ubansa.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Ya zo da kayan aikin nasa. Zaren roba ne guda shida, daga siriri kamar gashin jelar doki har zuwa mai kauri. Ya ɗaure mini ido da ƙyalle, wai in na ji taɓi a yatsa in ce na ji. Ni! Shekara arba'in ina lalubo karaya a cinyar ƙato ido rufe, yadda mahaifina ya koya mini. Na miƙa hannu ina jiran ya fara. Can sai na ji ya ce, "Mun gama da na huɗu, Baba."
Zarensa ne ba shi da kyau.
Hussaina ɗiyata ta kawo ruwa, ya roƙa ita ma a gwada ta. Duka shidan ta ji. To sai me? Hannun da bai san komai ba sai tsince tsakuwa a shinkafa.

Juma'a, 10 ga Oktoba
Ishaq wai in je a auna mini suga. Ɗan mahauci ya zama likita, Allah mai iko.

Talata, 14 ga Oktoba
Kofin shayi ya ƙone ni a babban yatsa. Sai da na ga bororo na sani. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 18 ga Oktoba
Na je Faru ta ƙasar Maradun kwance ɗorin Falalu, manomin da babur ya karya wa ƙwauri cikin damina. Na cire karan ɗorin na duba. Ƙashin ya haɗe, amma a karkace. Falalu ya miƙe ya dafa bango, ya dubi ƙafar, ya dube ni. "Baba, haka za ta zauna?" Mutum mai 'ya'ya bakwai, ga gero na jiran yanka. Na ce motsi ya yi. Matarsa ta ce daga bayan zana, "Wallahi ko juyi bai yi ba."
Ban taɓa barin ƙafa haka ba, tun da nake.

Talata, 21 ga Oktoba
Ishaq ya dawo da takarda cike da zane-zane. Wai akwai 'yan jijiyoyi a kan yatsa, su ke kai labari ga ƙwaƙwalwa, kuma suna iya mutuwa a hankali mai su bai sani ba. Na ce ya je ya karanta wa shanun ubansa. Boko ke nan, su auna abu da zare su ce sun san shi.
Da ya tafi Hussaina ta ce, "Baba, da ka bari ana taimaka maka." Na ce shekara goma sha biyar tana riƙe mini mata masu karaya, riƙon ya ishe ta. A gidanmu ba a taɓa ba mace ɗori ba, ko addu'arsa mahaifina ya ce kada mace ta ji.

Litinin, 27 ga Oktoba
Na zuba ƙwayar gero uku a faifai, na rufe ido na laluba. Ɗaya na samu. Faifan ya tsufa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba
Wani Murtala ya kawo mahaifiyarsa daga Bakura, ta zame a bakin rijiya ta bugu a hannu. Na laluba hannun sama da ƙasa, na buɗe baki zan ce targaɗe ne, sai Falalu ya faɗo mini a rai, dafe da bango. Na ce Hussaina ta zo ta riƙe mini.
Ta kama hannun ta rufe ido. Ba wanda ya koya mata wannan. Ta ce a hankali, "Baba, ƙashi ya tsage, nan ƙasa da inda ka taɓa." Na ɗora yatsa a wurin. Ban ji komai ba, wallahi ban ji ba. Na ce, "Ai na sani, gwada ki nake."
Ita ta ja, ita ta jera karan, ita ta ɗaure. Ɗaurin bai yi laifi ba.
Gobe Ishaq zai raka ni awon sugar nan, don dai ya daina damuna.
Addu'ar kuwa, yau na karanta ta da ɗan ƙarfi, har sau biyu, Hussaina tana zaune kusa da ni. Tsufa ne, murya ba ta saituwa.